Lafiyar Iyali: Maganin ciwon gwiwa da maganin maiƙon jini, wanne ya kamata Hajiya ta ajiye?

Makon jiya mun tattauna yadda ake awon hawan jini a gida, kuma na gode da saƙonninku. A cikinsu akwai na wata 'yar'uwa daga Gusau wanda na ga bai kamata in amsa mata ita kaɗai ba, domin abin da ya faru a gidansu yana faruwa a gidaje da yawa. Ga abin da ta rubuto, da izininta:

"Malam, barka da aiki. Hajiyarmu shekarunta 64. Shekara biyu ke nan likita ya ɗora ta a kan atorvastatin saboda maiƙo ya yi yawa a jininta. Tana kuma shan lisinopril da wata 'yar ƙwaya mai sa fitsari saboda hawan jini, da ƙaramin aspirin kullum da safe. Tun sanyin da ya wuce gwiwoyinta suka matsa mata, sai ƙanena ya riƙa sayo mata diclofenac a kemis, tana sha safe da yamma, kuma gaskiya tana jin daɗinsa. To makon da ya wuce wata ƙawarta ta ce mata ai ba a haɗa maganin ciwo da maganin maiƙo, wai suna kashe hanta. Hajiya ta ce ita gwiwa ce ke hana ta barci, maiƙon kuwa ba ta taɓa jin ciwonsa ba. Don haka ta ajiye atorvastatin ɗin, ta ci gaba da diclofenac. Don Allah da gaske ne ba a haɗa su? Mu dai hankalinmu bai kwanta ba."

'Yar'uwa, kin yi daidai da hankalinki bai kwanta ba. Amsa a taƙaice ita ce: Hajiya ta ajiye wanda ya kamata ta riƙe, ta riƙe wanda ya kamata a yi shawara a kansa. Ƙawar tata ta ji ƙamshin gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Bari mu bi maganar daki-daki. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, domin kowa ya iya ɗauko nasa ya duba.

Dangi biyu, aiki biyu

Dangi na farko su ne magungunan kashe ciwo masu sauke kumburi: ibuprofen, diclofenac, naproxen, piroxicam, indomethacin. A kemis an fi sanin su da sunayen kamfani irin su Brufen, Cataflam, Voltaren da Feldene. Paracetamol ba ya cikin wannan dangi, ko da yake shi ma yana kashe ciwo.

Idan wuri ya ji rauni ko gaɓa ta kumbura, jiki kan samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi ke haddasa zafi da kumburi. A 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa aspirin da 'yan'uwansa suna aiki ne ta hanyar hana jiki yin wannan sinadari, binciken da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1982. Matsalar ita ce sinadarin ba ciwo kaɗai yake kawowa ba. Shi ne ke shimfiɗa wa tumbi rufin da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, shi ne kuma ke buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini. Ƙwayar da aka haɗiya don gwiwa ba ta san hanyar gwiwa ita kaɗai ba. Duk inda jini ya je, nan za ta je.

Dangi na biyu su ne magungunan rage maiƙon jini, wato kolestarol, waɗanda sunayensu ke ƙarewa da statin: simvastatin, atorvastatin, rosuvastatin, pravastatin. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ne ya gano na farkonsu a shekarun 1970, aka kuma fara sayar da lovastatin a Amurka a 1987. Mafi yawan maiƙon da ke cikin jini hanta ce ke yin sa, ba daga kwanon abinci yake fitowa kai tsaye ba, shi ya sa za ka ga mutum siriri amma awo ya nuna maiƙonsa ya hau. Statin kan rage wa hanta ƙarfin yin maiƙon, sai ita kuma ta koma tana janye wanda ke yawo a jini. Manyan gwaje-gwaje sun nuna cewa duk ma'auni ɗaya da aka sauke na mugun maiƙon, a awon da ake rubutawa mmol/L, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Maganar Hajiya cewa ba ta taɓa jin ciwon maiƙo ba gaskiya ce. Ba wanda ke jin sa. A hankali yake taruwa a bangon jijiya, shekara da shekaru, ranar da zai yi sallama kuwa sau da yawa ita ce ranar da aka ɗauki mutum ranga-ranga zuwa asibiti.

Shin suna faɗa da juna?

Idan aka ce magani biyu ba sa jituwa, yawanci ana nufin ɗaya yana tare wa ɗaya hanyar fita daga jiki, sai ya taru ya yi yawa. Hanta tana da ƙofofi daban-daban da take sarrafa magunguna. Simvastatin da atorvastatin suna bin wata ƙofa da masana ke kira CYP3A4. Ibuprofen da diclofenac kuwa galibi wata ƙofar suke bi, mai suna CYP2C9. Rosuvastatin da pravastatin ma hanta ba ta cika sarrafa su ba. Ke nan ba su cika yin cunkoso a ƙofa ɗaya ba, kuma mutumin da ke shan atorvastatin, ƙodarsa da zuciyarsa da tumbinsa lafiya lau, idan ya sha ibuprofen kwana ɗaya ko biyu don ciwon haƙori, ba a sa ran wani abu zai same shi saboda haɗuwar ƙwayoyin.

To me ya sa ban ce Hajiya ta ci gaba da shan duka biyun ba kawai? Saboda ba a ɗora mutum a kan statin haka siddan. Duk wanda ka ga yana shan sa, likita ya hango masa haɗari a zuciya ko jijiyoyin jini. Sau da yawa ya manyanta, yana da hawan jini ko ciwon suga, akwai kuma wasu magunguna biyu ko uku a cikin ledarsa. Irin wannan jiki shi ne wanda dangin diclofenac suka fi yi wa illa. Wurare huɗu ne ya kamata mu duba.

Na ɗaya: zuciya

A watan Satumba na 2004 kamfanin Merck ya janye maganinsa mai suna Vioxx daga kasuwannin duniya, bayan gwaji ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan ya sa masana suka waiwayi sauran dangin, tsofaffi da sababbi. A 2013 Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba da diclofenac na sha ko na allura ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai raunin zuciya, ko mai toshewar jijiyoyin ƙafa. Masu hawan jini, ciwon suga, yawan maiƙo da masu shan taba kuwa, ta ce sai likita ya yi nazari sosai kafin ya ba su. A 2015 hukumar FDA, takwarar NAFDAC a Amurka, ta ƙarfafa gargaɗin da ke jikin duk dangin ban da aspirin, ta ce haɗarin na iya farawa tun makonnin farko na sha, yana kuma ƙaruwa da yawan abin da ake sha da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha.

Ban da haka, waɗannan magunguna kan sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura, maganin hawan jini ya rage ƙarfi. Sau nawa muka ga an je asibiti, likita ya ga jini ya ƙi sauka, ya ƙara magani, alhali mai laifin yana cikin jaka ba a ambace shi ba?

Ki dubi lamarin Hajiya da wannan ido, 'yar'uwa. An cire wanda ke rage haɗarin zuciya, an bar wanda ke ƙara shi.

Na biyu: ƙaramin aspirin

Aspirin ɗan dangin nan ne, amma mai miligiram 75 da ake ba masu haɗarin zuciya aikinsa daban. Yana hana wasu ƙwayoyin jini mannewa da juna su toshe jijiya, kuma da gangan likitoci ke haɗa shi da statin. Sai dai ibuprofen da aspirin wuri ɗaya suke nema a jikin waɗannan ƙwayoyin jini. Idan ibuprofen ya riga isa, sai ya zauna a kujerar, aspirin ya zo ya rasa wurin zama ya wuce. Bayan wasu awanni ibuprofen ya tashi, a bar jini babu kariya. Shi ya sa a 2006 FDA ta ba da shawarar cewa mai shan aspirin marar rufi, idan ya zama dole ya sha ibuprofen, ya jira aƙalla minti 30 bayan aspirin, ko kuma ya kasance ya sha ibuprofen ɗin fiye da awa 8 kafin aspirin. Paracetamol ba shi da wannan matsala.

Akwai kuma tumbi. Aspirin da kowane ɗan dangin nan, idan suka haɗu, haɗarin gyambon ciki da zubar jini a ciki kan ƙaru, musamman ga tsofaffi. Mai shan warfarin ko clopidogrel kuwa, shi kada ma ya kusance su sai da sanin likitansa. Bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai mai jini ko mai kama da garin kofi, alama ce ta a tafi asibiti nan take.

Na uku: ƙoda

A wasiƙar nan, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ƙoda matata ce. Jini na shiga ta wata jijiya, a tace shi, ya fita ta wata, kuma tacewar na bukatar ƙarfin ruwa. Ku ɗauki misalin mai noman rani da ke ban ruwa. Maganin fitsari, irin su hydrochlorothiazide da furosemide, yana rage ruwan da ke rafin. Lisinopril ko losartan da danginsu suna buɗe mafitar fangali. Waɗannan biyun likita ya san da su, ya auna, kuma ga mafi yawan masu hawan jini da ciwon suga kare ƙoda ma suke yi. Sai diclofenac ya zo ya matse mashigar ruwan. Ruwa ya ragu, mafita a buɗe, mashiga a matse: fangali ya bushe ke nan. Ukun nan idan suka haɗu taron dangi suke yi wa ƙoda, kuma Hajiya tana shan duka ukun.

Haɗarin ya fi yawa a lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa: zafin bazara, amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro mai sa gumi da ƙin cin abinci, ko azumi a rana mai zafi. Waɗannan kuwa su ne lokutan da mutane suka fi neman maganin ciwon jiki. Ƙoda ba ta cika yin kuka da wuri ba, sai awon jini ne ke tona asirinta. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san abin da hakan ke ci na jiki da na aljihu.

A nan ne kuma maganar ta dawo kan statin. Idan ƙoda ta yi rauni, wasu daga cikinsu, kamar rosuvastatin, kan taru a jini fiye da kima, haɗarin su taɓa tsoka ya ƙaru. Ke nan maganin ciwon bai taɓa statin kai tsaye ba, ta bayan gida ya zagayo.

Na huɗu: ciwon da ake rufewa

Illar statin da aka fi sani ita ce ciwon tsoka. Amma a yi masa adalci. A 2022 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani nazari da ya tattara manyan gwaje-gwaje 19 na mutum sama da 120,000, inda aka ba wasu statin, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. Aka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da masu shan statin suka yi kuka da shi ba maganin ne ya kawo shi ba. Shekaru ne, da aiki, da gajiya irin ta kowa.

Sauran kaɗan ɗin kuwa na gaske ne, kuma yana da kamanni. Yakan zo a naman jiki, ba a gaɓa ba: cinyoyi, ƙugu, sha-raɓa, kafaɗu. Yakan kama hagu da dama tare. Yakan fara cikin makonni ko watannin farko na fara maganin, ko bayan an ƙara yawansa, ko bayan an shigo da wani sabon magani. Wani lokaci da rauni yake zuwa, mutum ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Ciwon gwiwa irin na Hajiya, mai tsananta idan an yi tafiya ko an durƙusa, ya fi kama da zaizayewar gaɓa irin ta shekaru.

A wasu 'yan tsirarun mutane tsokar kan fara narkewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Na ga wannan da idona a jikin kawuna. Ya daɗe yana shan simvastatin lafiya lau. Wata kaka ciwon ciki ya dame shi, ya je wani ƙaramin asibiti, aka ce gyambon ciki ne, aka ba shi magunguna uku, ciki har da clarithromycin. Ba a tambaye shi abin da yake sha ba, shi ma bai faɗa ba. Bayan kamar mako guda cinyoyinsa suka yi nauyi. Lokacin girbi ne, sai ya ɗora wa gona laifi, ya aika yaro kemis a yi masa haɗin maganin gajiya. Kwana uku yana sha. Da na je gaishe shi na tarar da shi a kwance.

Na ce, "Kawu, yaya jikin? Me kuke sha?"

Ya ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Gajiya ce kawai. In na sha haɗin nan sai ta lafa, an jima ta dawo. Abin da ya ba ni mamaki fitsarin nan ne, ya koma kamar baƙin shayi."

Ban bari ya ƙarasa ba na nemo mota. Awon jini ya nuna tsoka na narkewa, ƙoda ta fara jigata. Aka tsayar da magungunan, aka yi ta ƙarin ruwa, ya kwana biyar a gadon asibiti, Allah ya sa aka tare abin da wuri. Daga baya likita ya sauya masa wani statin ɗin, yana nan yana sha har yau. Abin lura a nan: clarithromycin da simvastatin ne suka haɗa gobarar. Haɗin kemis kuma ya toshe bakin mai ihu na kwana uku, ya ƙara wa ƙodar da ke fama wani nauyin.

Waɗanda ba sa jituwa da statin da gaske

Tunda mun zo nan, ga waɗanda ya kamata mai shan statin, musamman simvastatin da atorvastatin, ya riƙe sunayensu. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin da erythromycin. Magungunan sha na cututtukan fata da farce, itraconazole da ketoconazole. Wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki masu ɗauke da ritonavir. Wani maganin maiƙon mai suna gemfibrozil. Sai colchicine, wanda ake ba masu ciwon gaɓa irin na taruwar gishirin yurik. Shi ma yana sauke kumburi, kuma haɗa shi da statin na iya taɓa tsoka, don haka sai da sa idon likita. Mai shan amlodipine don hawan jini kuwa, ƙa'ida ita ce simvastatin ɗinsa kada ya wuce miligiram 20 a rana. Akwai kuma wani babban lemo mai ɗaci-ɗaci da ake kira girefurut, wanda ruwansa ke tare ƙofar nan ta hanta. Lemon zaƙi na yau da kullum ba shi da wannan hali.

Maganar hanta da ƙawar Hajiya ta yi fa? Statin kan ɗan ɗaga alamomin hanta a awon jini ga wasu mutane, diclofenac ma haka, amma mummunar illa ga hanta daga statin abu ne da ba kasafai ake gani ba. Wanda ya san yana da ciwon hanta, ko yana shan giya, shi ya kamata ya faɗa wa likita tun farko. Idan ido ya yi rawaya irin na shawara, a je asibiti ba tare da jinkiri ba.

To idan ciwo ya zo, me za a sha?

Ba cewa muke yi mai shan statin ya zauna da ciwo yana cije baki ba. Matakin farko paracetamol ne: ga babba mai cikakken jiki, ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar tazarar awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24. Tsoho mai ƙaramin jiki da mai ciwon hanta nasu bai kai haka ba. A kuma duba kwalin maganin mura da na ciwon jiki, da yawansu akwai paracetamol ko ibuprofen a ciki, kada a ninka ba a sani ba.

Ga ciwon gwiwa da na yatsu, diclofenac na shafawa yana taimakawa, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini idan aka kwatanta da na haɗiya. Gashi da ruwan ɗumi yana sassautawa. Motsa jiki mai ƙarfafa cinya, kamar a zauna a kujera a miƙe ƙafa a riƙe ta na ɗan lokaci sannan a sauke, yana rage wa gwiwa wahala. Rage ƙiba ko da kaɗan ne gwiwa na jin sa. Riƙe sanda ba abin kunya ba ne, haka ma sa kujera a bayi da madafa a maimakon tsuguno.

Idan duk wannan bai wadatar ba, likita na iya zaɓar ɗaya daga cikin dangin bayan ya duba ƙoda da jini da tumbi, ya ba da mafi ƙanƙantar abin da zai yi aiki, na 'yan kwanaki, sau da yawa tare da maganin kare tumbi irin omeprazole. Ibuprofen da mutum ya saya da kansa kada ya wuce miligiram 1,200 a rana, a sha bayan an ci abinci, da isasshen ruwa. Kada a haɗa biyu daga dangi ɗaya, domin ciwon ba zai ƙara raguwa ba, illar ce za ta ninku. Nan ne haɗin da ake ƙullawa a leda ya fi ban tsoro: ƙwayoyi huɗu ko biyar babu kwali babu suna, kuma ba abin mamaki ba ne a sami biyu daga dangin nan a ƙulli ɗaya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Amsa ga 'yar'uwarmu ta Gusau

Ga abin da nake ba ku shawara. Hajiya ta dakatar da diclofenac na sha daga yau. Ba ya cikin magungunan da sai an janye a hankali. Ta koma paracetamol da na shafawa kafin ta ga likita. Ta koma shan atorvastatin ɗinta yadda aka rubuta mata, sai fa idan tana jin ciwo ko rauni a cinyoyi da kafaɗu, ko fitsarinta ya yi duhu, to wannan asibiti za a wuce da ita yau ɗin nan. Mako ɗaya da ta yi ba ta sha ba bai rushe aikin shekara biyu ba, amma watanni na iya rushewa. Kada ta taɓa magungunan hawan jininta da aspirin da kanta.

A cikin makon nan ku kai ta wurin likitanta. Ku zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku ajiye a gabansa. Ku faɗa masa tsawon lokacin da ta yi tana shan diclofenac da yawan da take sha, ba tare da ragewa don jin nauyi ba. Ku roƙi a auna jininta, a yi awon ƙoda, a kuma duba gwiwar ita kanta, domin har yanzu ba wanda ya duba ta, ciwon kawai ake ta dannewa.

Kada kuma a yi wa ƙaninki faɗa. Ganin mahaifiyarsa ba ta barci ne ya kai shi kemis. A nuna masa wannan rubutu, domin gobe in ya je sayen magani ya fara da cewa, "Mai shan wannan tana da hawan jini, ga kuma abin da take sha." Lallashin Hajiya kuwa sai ku, kun fi ni sanin hanyarta. Ku tabbatar mata cewa ba gwiwarta aka manta ba, hanyar da ba za ta taɓa ƙoda da zuciya ba ake nema mata.

Sauran masu karatu, aikin gida na wannan mako: ku buɗe ledar maganin iyayenku yau da daddare. Idan kun ga suna mai ƙarewa da statin, ku duba ko akwai ibuprofen, diclofenac, piroxicam ko ƙullin haɗi a kusa da shi. In akwai, ku tambaye su tun yaushe suke sha, kuma wa ya rubuta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake karanta takardar awon ƙoda, da abin da lambobin cikinta ke nufi. Allah ya ba Hajiya lafiya, da sauran marasa lafiyarmu na gida da na asibiti.